Sallamar da Siddiƙa Ba Ta Amsa Ba

Sallama ce ta kayar da 'yata Siddiƙa a jarrabawarta ta farko. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya ya ce in faɗi gaskiya. To, gaskiyar ke nan.

Sunana Sha'aban, tela ne ni, shagona yana kan hanyar Kusugu. Bokona ya tsaya a aji biyu na sakandare, don haka abin da zan faɗa game da aikin Siddiƙa, yadda ta yi min bayani ne da yadda kaina ya iya ɗauka. Ta gama difiloma a fannin kwamfuta, ta shekara biyu tana buga wa mutane takardu a wani shago a bakin tasha. Daga nan ta kama wani karatu ita kaɗai, na wani abu da ake kira Linuks. Ta ce shi ke tafiyar da manyan kwamfutocin da ake ajiye bayanan jama'a a ciki, kuma ba mallakin wani kamfani ba ne, kowa yana iya ɗauka ya buɗe cikinsa ya duba, ya gyara.

Na ce, "Kamar keken ɗinkina ke nan, da nake kwancewa in mayar."

Ta ce, "Kusan haka ne, Baba. Sai dai naka ba ya tambayar lambar sirri."

Wani kamfani a Kano ya ce zai ɗauke ta aikin kula da irin waɗannan kwamfutoci tana zaune a nan Daura, in ta kawo satifiket kafin ƙarshen watan Afrilu. Jarrabawar a gida ake yin ta, ta intanet, awa biyu. Akwai wani mai sa ido a wata ƙasa, ba ta ganinsa amma shi yana kallonta ta kyamara daga farko har ƙarshe. Ita kaɗai za ta kasance a ɗaki, tebur ba komai, bango ba rubutu. Ba mai shiga, ba ta magana da kowa. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyinta, dama biyu ta samo mata, babu ta uku.

Gidanmu gidan gado ne a cikin gari, kuma ɗaki ɗaya ne ya cika waɗannan sharuɗɗa, ɗakin marigayi mahaifinmu. Shi ke da ƙofar katako mai rufuwa, kuma a nan waya ta fi kamawa. Yayana Alhaji Badaru, mai fataucin shanu, ya daɗe da komawa sabon gidansa a hanyar Sandamu, amma akwatinsa na ƙarfe yana nan a kusurwar ɗakin, cike da takardun sana'arsa. Duk lokacin da ya so yake zuwa ya buɗe.

Ranar jarrabawar farko ina shago. Matata Rahmatu tana madafi. Siddiƙa ta yi minti arba'in tana aiki sai ga Yaya. Bai taɓa tsayawa a zaure a gidan ubansa ba, ranar ma bai tsaya ba. Yana sallama yana tura ƙofa. Bakin Siddiƙa ya riga kanta: "Wa alaikumus salam, Baffa, ina kwana?" Har da ɗan rusunawa daga kan kujera. Kafin ta juyo, an rufe jarrabawar. Mai sa ido ya rubuto cewa wani ya shigo kuma ta yi magana da shi.

Da yamma na je wurin Yaya na yi masa bayani, kaina a ƙasa. Ya ce, "Jarrabawar da sallama ke ɓatawa ai ba ta alheri ba ce. Allah ne ya raba ta da ita."

Na ce to, na fito. Ina da shekara goma sha huɗu mahaifinmu ya rasu. Yaya ne ya riƙe ni, shi ya kai ni wurin koyon ɗinki, shi ya saya min keken da nake ci da shi har yau. Yanzu shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa ce masa a'a ba, ko a kan tsawon hannun riga.

Siddiƙa ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi damuna. Ta zaɓi rana ta biyu, bayan sati uku: Lahadi, ƙarfe goma zuwa sha biyu na rana. Ta ce ranar kasuwar Mai'aduwa ce, Baffa yana can tun safe.

Ta koma karatu kamar mai fushi da wani. Daga sallar asuba take zama. In na leƙa kafin in tafi shago, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, babu hoto ko ɗaya, sai ƙananan rubutu farare suna gudu. Da gangan take ɓata na'urar, ta hana ta tashi, sannan ta saita agogo ta gyara. Wata safiya na same ta tana ta maimaita wasu lambobi uku, na tambaye ta na mene ne.

Ta ce, "Izini ne, Baba. Kowane abu a cikin nan yana da ƙofa. Ni ke faɗar abin da mai shi zai iya yi, abin da 'yan gida za su iya yi, da abin da baƙo zai iya yi. Wani ya leƙa kawai, wani ya shiga ya taɓa, wani ko leƙen ba zai samu ba."

"In babban mutum ne fa?"

"Ita ba ta san babban mutum ba. In ba shi da izini za ta rubuta masa an hana, shi ke nan."

Na tafi shago ina juya maganar, har na ɗinka aljihu a baibai.

Rahmatu ce ta kawo nata darasin. Ta ce tunda baki ne ya yi laifi, baki za a hora. Sai ta bari Siddiƙa ta yi nisa a aiki, ta lallaɓa bakin ƙofa ta ƙwala sallama. Rana ta farko Siddiƙa ta amsa. Ta biyu ma ta amsa, ta doki tebur don haushi. Rahmatu ta riƙa sauya murya, yau ta maƙwabciya, gobe ta mai tallar fura, har ta koyi kaurara murya irin ta Yaya da ɗan tarin da yake yi kafin magana. Sai a rana ta shida aka yi sallama aka ji shiru. Rahmatu ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, sannan ta dube ni ta ce, "Malam, shekara ashirin da huɗu muna koya mata amsawa, ga shi muna murna ta daina."

Ni abin bai ba ni dariya ba. Na ji tsoron kada mu koya wa yarinya saɓo da hannunmu. Bayan la'asar na tsaya wurin Malam Kalilu, limamin masallacin unguwarmu, na kwashe labarin na faɗa masa. Ya saurara yana shafa gemu.

Ya ce, "Sha'aban, in aka yi wa mutanen gida sallama mutum ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa sauran. Ka zauna a ƙofar ka amsa, an amsa ke nan. Kuma mai neman izinin shiga sau uku yake nema. In ba a ba shi ba, sai ya koma."

"Ko da Yaya ne?"

"Ban ga inda aka ware yayye ba."

Ranar Alhamis na yi ƙarfin hali na je gidan Yaya. Na ce in akwai abin da zai buƙata a akwati ya ɗauka kafin Lahadi, ko ya bari in kawo masa akwatin gaba ɗaya. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗakin ubana ne za a yanka min ranar shiga? Akwatin nan a wurin Baba ya bar shi, a wurin zai zauna. Gai da gida."

Ranar Asabar muka kwashe ɗakin. Muka sauke kalanda, muka sauke allon ayoyin da ke rataye tun zamanin Baba, na naɗe shi a sabon yadi na kai ɗakina ina neman gafara a zuci. Akwatin a kulle yake, kuma ya fi ƙarfinmu. Muka rufa masa farin zane.

Lahadi ban buɗe shago ba. Zafin bazara ya sauka tun ƙarfe tara. Na duba batirin sola sau uku, har Siddiƙa ta ce in bar shi ya huta. Goma saura kwata ta shiga, ta zaga da kyamara ta nuna wa mai sa ido bango da ƙarƙashin tebur, ta rufe ƙofa. Ƙofar ba ta da sakata ta ciki, tun rasuwar Baba ta karye ba wanda ya gyara. Na jawo benci na gindaya a bakinta, na zauna da wata riga da nake wa aikin wuya. Allura ta soke ni sau biyu, na ajiye. Daga ciki ina jin ƙarar maɓallai, ƙas-ƙas-ƙas, ta tsaya, ta ci gaba. Rahmatu ko turmi ba ta taɓa ba ranar, kajin ma ta kulle su a bayan gida.

Sha ɗaya saura minti goma na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Na san ƙararsa. Na Yaya ne.

Yaya ya shigo da sauri, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi, makullin akwati a hannunsa. Na tashi na tare shi a tsakiyar tsakar gida, na rusuna na gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Matsa, Sha'aban, sauri nake. Direba ya ɗauki tsohuwar takardar likitan dabbobi, sabuwar tana akwati. An tsayar min da mota a shingen bincike na Kongolam, shanu goma sha takwas a cikin ranar nan."

Ba ƙarya yake ba. Na san abin da rana take yi wa shanu a cikin mota. Da wani dalilin banza ya kawo shi da abin ya zo min da sauƙi.

Na ce, "Yaya, tana ciki. Saura awa ɗaya da minti goma."

"Minti ɗaya zan yi. Ba zan ko dube ta ba."

"Kyamara za ta dube ka."

Ya ratse ni ya nufi ƙofa. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni gabansa ba. Na tsaya tsakaninsa da ƙofar, bayana yana taɓa bencin.

Ya ja baya taku ɗaya ya ƙare min kallo. "Ikon Allah. Yau kuma macijin Kusugu muka samu a gida? Sai Juma'a za a ɗebi ruwa?"

"Sai sha biyu, Yaya."

Rahmatu ta fito da kwanon ruwa mai sanyi ta durƙusa. "Yaya Alhaji, sannu da rana. A sha ruwa." Bai ko kalle ta ba. Ya yi ɗan tarin nan nasa, ya ɗaga murya ta saman kafaɗata yadda har maƙwabta za su ji.

"Assalamu alaikum! Siddiƙa!"

Ƙarar maɓallai ta tsaya cak.

Na ce, "Wa alaikumus salam wa rahmatullah."

"Ba da kai nake ba."

"Na amsa mata. Mutum ɗaya ya ɗauke wa gida."

"Wa ya faɗa maka?"

"Malam Kalilu."

"Har fatawa aka nemo a kaina?" Ya sake ɗaga murya. "Assalamu alaikum! Siddiƙa, Baffanki ne!"

Na sake amsawa. A ciki shiru. Na rufe ido ina roƙon Allah Ya riƙe bakin yarinyar nan. Na tuna ranar da ta fara magana, yadda uwarta ta riƙa kama hannunta tana miƙa wa baƙi tana cewa amsa mana, amsa. Yaya ya yi ta uku, wannan karon a hankali, da muryar da yake kiranta da ita tana ƙarama in ya kawo mata rake daga kasuwa. Wannan ce na fi tsoro.

Na amsa ta uku. Muka tsaya mu uku a cikin rana ba mai motsi.

Sai na ji ƙas. Sai ƙas-ƙas-ƙas. Ta ci gaba da aikinta.

Fuskar Yaya ta sauya. Ya miƙa hannu ta gefena zai kama mariƙin ƙofa. Na riƙe wuyan hannunsa. Tunda nake ban taɓa riƙe shi haka ba, sai dai in karɓi abu da hannu biyu. Rahmatu ta ce "Innalillahi" a hankali.

Na ce, "Yaya, ka yi uku."

"Sake ni."

"Kai ka riƙe ni, kai ka saya min keke. In kana so ka aika yau a ɗauke shi daga shago, ba zan ce uffan ba. Amma ƙofar nan ba mai taɓa ta sai sha biyu. Sau ɗaya ka shiga ta rasa ɗaya. Wannan ce ta ƙarshe."

"A kan wasan kwamfuta za ka kashe min dukiya?"

"Ka buga waya a sauke su a inuwa a ba su ruwa. Sha biyu da rabi takardar tana hannunka, ni zan kawo da kaina."

"In sa ɗaya ya faɗi fa?"

"In ya faɗi ka zo ka same ni. Ina nan."

Ban san daga ina maganganun suke fitowa ba. Hannuna dai bai saki ba. Shi ya fizge. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ubanmu, ya cillar da makullin a ƙasa gaban ƙafata, ya juya. A zaure na ji yana waya yana faɗa da direba, yana cewa a nemi inuwa. Sannan babur ya tashi.

Na zauna a benci. Rahmatu ta miƙo min ruwan da Yaya ya ƙi sha, na shanye. Sauran lokacin ban san yadda ya wuce ba. Duk sanda maɓallai suka yi shiru sai in ce an rufe, in sun dawo in sauke numfashi.

Sha biyu da minti uku ƙofa ta buɗe. Siddiƙa ta fito, leɓenta na ƙasa ya kumbura, da ɗan jini.

Na ce, "An rufe?"

"Ba a rufe ba. Ya rubuto ya ce yana jin hayaniya, in zaga da kyamara. Na zaga, bai ga kowa ba, ya ce in ci gaba. Minti biyar na rasa, tambaya ɗaya ban ƙarasa ba." Ta taɓa leɓen. "Ta ukun nan, Baba, saura kaɗan."

Na buɗe akwatin, takardar tana sama-sama. Na fito da babur ɗina, sai na ga ta sa hijabi ta biyo ni. Na ce ina zuwa? Ta ce akwai saƙon da za ta kai.

Mun isa Kongolam ɗaya saura. Shanun suna ƙarƙashin wasu itatuwan dalbejiya a gefen hanya, sun sha ruwa, ba wanda ya faɗi. Na ƙirga su da ido tun kafin in kashe babur. Yaya yana zaune a kan tabarma da wasu fatake biyu. Siddiƙa ta karɓi takardar daga hannuna, ta je ta durƙusa a gabansa, ta miƙa da hannu biyu.

Ta ce, "Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Baffa. Wa alaikumus salam. Wa alaikumus salam."

Fataken suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Alhaji, yaushe ka yi sallamar?"

Yaya ya ce, "Tun hantsi. Amsar ce ta taho a ƙafa daga Daura." Ya karɓi takardar ya duba kwanan wata, ya miƙa wa direba. Ya dubi leɓenta ya daɗe. "An ci?"

"Sai gobe za a sani, Baffa."

"Uhm." Ni kuwa ko inda nake bai kalla ba. Na gaishe shi, ya ɗaga yatsu biyu.

Washegari da azahar ina shago ta zo da wayarta a hannu, ta ajiye min a kan keke. Turanci ne, amma na gane sunanta, na gane lambar da ta samu ta wuce wadda ake nema. Na cire tabarau na goge, na sake dubawa. Wanda ya kawo ɗinki yana tsaye yana jira, na ce ya dawo gobe.

Ranar Laraba Yaya ya aiko mutum huɗu da amalanke suka fitar da akwatin. Inda ya zauna shekara talatin da bakwai ya bar alama a daɓe, yanzu a wurin Siddiƙa ta ajiye kwamfutarta ta biyu, wadda take ɓatawa tana gyarawa. Keken ɗinki ba a zo ɗauka ba. Kowace safiya in na buɗe shago sai na fara duba shi.

Wata biyu ke nan Yaya bai taka gidan ba. A masallacin Juma'a muna gaisawa, yana ba ni bakin yatsu. Malam Kalilu ya ce in je in ba shi haƙuri, babba ne. Na je, sau biyu. Na ce ya yafe min riƙe masa hannu da na yi, kuma da gaske nake. Ya ce, "Da ƙofar fa?" Na ce, "Ƙofar kam, Yaya, ko gobe ne."

Na sa kafinta ya gyara sakatar ciki. Siddiƙa ta ce satifiket ɗin ba na har abada ba ne, bayan wasu shekaru sai an sake zama, kuma akwai wata jarrabawar da ta fi wannan wuya da take hange. Rahmatu ta ce tunda an sa sakata a mayar da bencin zaure. Na ce a bar shi a inda yake.